Rage Goma

A makarantarmu ba wanda ke kirana da sunan da iyayena suka raɗa mini. A gabana Malama ce, a bayan idona kuwa Malama Rage-Goma, kuma na sani sarai, don bangon ɗakin aikin hannu bai kai kaurin da yara suke zato ba. Ni ke koyar da zanen gini da aikin katako, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma duk tsawon shekarun nan da tef ɗaya nake awo. Tef ɗin Baba ne, wanda ya yi aikin kafinta har ƙarfinsa ya ƙare. Tun ina ƙarama zarto ya cinye wa tef ɗin santimita goma na farko. Baba bai yar da shi ba, ya lanƙwasa guntun gwangwani ya maƙala a bakinsa, ya ci gaba da aiki. Saboda haka daga goma yake farawa, duk abin da ya nuna maka sai ka rage goma kafin ka rubuta.

Yara sun haddace wannan fiye da karatunsu. Mai riƙe da tef zai ce, "Hamsin da biyar!" aji ya amsa baki ɗaya, "Rage goma!" mai rubutu ya rubuta arba'in da biyar. Sau uku na rubuta wa ofis takardar neman sabon tef, sau uku aka ce babu kuɗi. In za a faɗi gaskiya ban matsa ba, don a jikin wannan akwai wurin da babban yatsan Baba ya goge fenti, kuma nan nawa yatsan yake zama.

Ɗakin aikin hannu yana can ƙarshen makaranta, an ɗaga shi sama saboda ruwan da ke kwanciya a wurin. Matakala uku ake hawa kafin a kai ƙofa. Matakala ukun nan su ne tsakanina da ɗalibin da ya fi kowa iya zane a ajina.

Direba ake ce masa, saboda yadda yake sarrafa kekensa na guragu: ya sha kwana, ya yi ribas, har da hon da baki in 'yan aji ɗaya sun tare masa hanya. A makon farko abokansa suka ɗaga shi da keken za su shigo da shi, ƙafar ɗaya ta zame, saura ƙiris su kife. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da suka sauke shi sai ya dube su ya ce, "Na gode, amma ni ba buhun siminti ba ne. Ranar da zan shiga ɗakin nan da hannuna zan shiga." Daga ranar ya kafa kekensa a gindin taga ta uku, ƙarƙashin inuwar kwano, da ɗan allo a cinyarsa. In ina raba takardu, ta taga nake miƙa masa tasa, ta taga yake dawo mini da ita. Shekara biyu muna haka, har tayoyinsa suka haƙa wa kansu kwari biyu a ƙasar wurin.

Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza. Yaron nan taurin kansa ya kusa kai nawa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne jarrabawar ƙarshe, wadda ta rage wata biyar. A cikin ɗaki ake yin ta, a kan bencin da aka kafe a ƙasa, gaban mai jarrabawa daga waje. Direba ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta zo ta gaya mini tana murza bakin mayafinta, cewa gara ya faɗi da a ɗauke shi kamar kaya a gaban baƙo.

Ana cikin haka takarda ta zo daga hukumar ilimi ta gunduma. Kuɗin gyaran makarantu na bana ya ɗan yi saura, abin da zai isa ƙaramin aiki guda ɗaya tak, mu kuwa makaranta goma sha biyu ne. Sai suka ce ɗalibai su zana abin da makarantarsu ta fi buƙata. Wanda zanensa ya yi nasara za a gina shi yadda aka zana, ba ƙari ba ragi, kuma ba za a ƙara ko sisi a kan abin da aka ware ba.

Hedimasta ya kira ni ofis yana washe baki. "Malama, ga dama ta samu. Ki sa yaran nan su zana mana ƙofar shiga mai ƙayatarwa, da sunan makaranta a sama. Duk wanda ya wuce ya san akwai mutane a nan."

"Yallaɓai," na ce, "takardar cewa ta yi ɗalibai su zaɓa. Ban ga inda aka rubuta Hedimasta ba, ko tabarauna ne ya tsufa?"

Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ce bakina zai kai ni inda ban zata ba. Mutumin kirki ne, son a yabe shi ne kawai ya yi masa yawa.

Na tara ajin ranar Laraba, lokacin wasanni, sa'ad da Direba yake fili da usur a baki yana alƙalanci. Ban gama karanta takardar ba Minista ta miƙe. Yarinya ce 'yar firit, bakinta ya fi jikinta girma, kuma tun da ta taɓa tsayar da Hedimasta a taron safe a kan famfon da ya lalace sunan ya bi ta. Ta nuna taga ta uku da fensir, ta ce, "Malama, ai ba sai an yi zaɓe ba. Gangaren siminti za mu zana, daga ƙasa har bakin ƙofa, da ƙarfen dafawa hagu da dama." Ba wanda ya yi musu. Na daka musu tsawa su zauna, don kada su ga yadda abin ya taɓa ni.

A nan ne na tafka kuskuren da nake ganin dabara ce. Na ce kada kowa ya gaya wa Direba. Makaranta goma sha ɗaya ne a gabanmu, ba na so a sa wa yaro rai a zo a ba shi haƙuri. Na ba shi aikin zana wurin ajiye kekuna don ya shagala, mu kuwa kowace Laraba muna kan namu.

Da tef ɗin Baba muka auna wurin: tsayin matakala, nisan ƙofa, da ɗan filin da ke tsakanin bango da lambatu. Filin matsattse ne, santimita tamanin ne kawai za a iya zuba wa kankare. Muka yi lissafin tsawon gangaren yadda mai keke zai hau ba tare da hannunsa ya gaji ba. Abu ɗaya ya rage, faɗin keken kansa, kuma ba yadda za a yi ka auna keken mutum yana zaune a kai ka ce masa ba komai.

A makon nan ne Injiniya na hukuma ya zagayo. Shi kaɗai ne ke duba gine-ginen gunduma duka, kullum a gurguje yake kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ya ba kowace makaranta kwali ɗaya: manyan takardun zane, fensira, da sabon tef rawaya mai sheƙi. Yara suka yi ta shafa shi. Na jefa na Baba a aljihun tebur na kulle, ina jin kamar na ci amanar wani.

Ranar da tayar Direba ta yi faci ina can taro a hukuma. An kai keken wurin mai faci da ke tsallaken ƙofar makaranta, shi kuma yana zaune a ɗakin karatu yana jira. Minista ta ga dama ta samu, ta kwashi yara shida da sabon tef suka tsallaka titi. Da na dawo na tarar an rubuta a takarda da kyakkyawan rubutu: faɗin keke, sittin. Na tambaya, "Kun auna da kyau?" Suka ce har sau biyu. Na yi lissafi a tsaye: kankare tamanin, ƙafafun ƙarfe su ci shida ta kowane gefe, saura sittin da takwas. Keke sittin, ga rarar huɗu hagu huɗu dama. Matsattse ne, amma zai wuce. Na sa hannu.

Muka ci gasar. Ranar da aka faɗa a taron safe yara suka yi ta ihu har tsuntsaye suka tashi daga kan kwano, Hedimasta kuma ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda tun farko shi ya ba da shawarar. Na nemi Direba da ido. Yana tafi kamar kowa, amma fuskarsa ba yabo ba fallasa.

Da aka watse na same shi a gindin tagarsa. "Ba ka yi murna ba ne, ɗana?"

"Na yi, Malama. Allah ya saka." Ya ɗan juya tayarsa gaba da baya. "Ai tun makon farko na sani. Sirrin mutum talatin, ciki har da Minista?"

"To me ya hana ka magana?"

"Ba a tambaye ni ba." Sannan ya ce, "Zan iya ganin zanen?"

Zanen yana hukuma, kwafin kuma yana hannun birkilan da zai yi aikin. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya jira ya ga abin mamaki. Har yau in na tuna wannan amsar sai in ji kunya ta rufe ni.

Bayan mako uku aka kawo yashi da tsakuwa da siminti, daidai abin da aka rubuta, ko buhu ɗaya bai ƙaru ba. Birkila dattijo ne mai ƙarancin magana, tare da shi akwai mai walda da ya haɗo ƙarafan tun daga shagonsa. Ranar Talata da hantsi suka zuba kankare, suka kafa ƙafafun ƙarfen a ciki tun yana ɗanye, biyar hagu biyar dama. Da aka buga ƙararrawar hutun tara duk ajina suka zagaye wurin suna yaba aikin hannunsu.

Direba ya zo a hankali, yara suka buɗe masa hanya. Ya tsaya a gindin gangaren, ya dubi ƙarafan, ya dubi tayoyinsa, ya sake duban ƙarafan. Sai ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Malama, ba zan wuce ba."

"Kai, rufe mana baki!" na ce. "An auna, har sau biyu."

"Shekara shida ina shiga ƙofofi da keken nan. Wadda za ta karɓe ni, daga nesa nake gane ta. Wannan ba za ta karɓe ni ba."

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda ya fara zargin kansa. Sabon tef yana ofishin Hedimasta a kulle, don haka na haura ɗaki na buɗe aljihun tebur na ɗauko na Baba. Na durƙusa a gaban keken, na ja daga bakin taya zuwa bakin taya. "Tamanin," na ce.

"Rage goma," in ji wasu 'yan muryoyi, a sanyaye.

Saba'in. Keken saba'in ne, tsakanin ƙarafa kuwa sittin da takwas. Santimita biyu, faɗin yatsa guda.

Na juya na dubi Minista. Idonta ya riga ya kawo ruwa. "Saba'in ya nuna, Malama," ta ce. "Na faɗa, sai duk muka ce rage goma. Wallahi ba wanda ya tuna sabon tef ne." Ta fashe da kuka mai sauti, irin wanda ban taɓa zaton yana cikin wannan bakin ba.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na rasa wanda zan yi wa. Sabo turken wawa, kuma ni na kafa turken, shekara goma sha ɗaya ina ɗaure 'ya'yan mutane a jikinsa. Sannan na ɗauki mutum ɗaya tak da zai gane kuskuren da kallo ɗaya, na tura shi zanen wurin ajiye kekuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa muka hau rufin muna gyara ba mu tambaye shi ba. Na jawo Minista jikina na ce, "Yi shiru, 'yata. Naki kuskuren goma ne, sauran duk nawa ne."

Na ce wa birkila a cire ƙarafan. Ya girgiza kai. "Hajiya, ni abin da ke takarda na gina. In na canza ba da sa hannun Injiniya ba, aikina ya tashi a banza. Kuma ko an cire, ina za a mayar da su? Nan bango, nan lambatu." Ya danna kankaren da yatsa. "Awa ɗaya gare ku, in ta yi yawa da rabi. Bayan nan sai guduma, kuma ba simintin sake wani."

Na kira Injiniya. Sai a kira na huɗu ya ɗauka, ƙarar injin niƙa kankare na tashi a bayansa. Na faɗa masa komai, ban rage ko goma ba. Ya yi tsaki, ya ce shi ma gangaren ya duba bai duba faɗin ba. "Malama, kuɗi dai babu. In akwai gyaran da ba zai ci ko ƙusa ɗaya ba, ɗalibi ya zana, ki ɗauki hoto ki turo mini. In ya yi, na sa hannu."

Duk wannan abin Direba yana gefen gangaren, ya sunkuya yana leƙen katakon da ya tare kankaren. Ya kira mai walda. "Baba, ƙafar ƙarfen nan za ta lanƙwasu kamar gwiwar hannu?"

"In an gasa ta, me zai hana?"

"To a cire su a lanƙwasa. Guntun ya kwanta cikin kankare, ya fito ta gefe, dogon ya miƙe daga waje. Ta gefen lambatu a sama zai tsaya, bai tare ruwa ba. Ta gefen bango akwai ɗan rata, na gani. Kun ga tamanin ɗin duka ta zama tawa."

Mai walda ya dubi birkila, birkila ya sosa gemu ya ce, "Yaron nan ɗan wa ne?"

Zanen ne ya rage, kuma ɗan allon cinyarsa ba zai ɗauki babbar takarda ba. Babban teburin zane yana cikin ɗaki. Na ga yara sun dubi matakala, sun dubi Direba, shi kuma ya haɗe rai. Sai Minista, tana jan majina, ta ce, "To a fito masa da teburin mana!" Yara huɗu suka ɗauko shi kamar wasa suka dire a gabansa. Shekara biyu, da digirina da komai, wannan tunanin bai taɓa zuwa mini ba.

Ban taɓa ganin hannunsa yana aiki a kusa haka ba, kullum sakamakon kawai nake karɓa ta taga. Ba ya gogewa, ba ya komawa baya. Minista na riƙe masa gefen takarda, birkila na yayyafa wa kankare ruwa yana duban rana, Hedimasta ya fito yana tambayar ko a kira wani, ba wanda ya kula shi. Cikin minti ashirin ya gama. Kafin ya rubuta faɗin keken ya miƙo hannu ya karɓi tef ɗin Baba, ya auna da kansa, ya rubuta saba'in, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Na tura hoton. Amsar Injiniya ta zo a taƙaice: a yi, kuma a gaya wa mai zanen ya neme shi in ya gama makaranta.

Aka zare ƙarafan da ƙyar, kankaren ya fara kama su. Mai walda ya gasa ya lanƙwasa, birkila ya fafe katako ya kwantar da su, ya cike ramukan ya shafe. Da ya gama ya wanke hannu ya ce da an ƙara minti goma da sai dai wani labarin. Yara suka kwashe da dariya jin goman, har da Minista.

Na so in jefa tef ɗin Baba a lambatu ranar. Direba ya ce, "A'a, Malama, shi ai bai yi ƙarya ba. Ki bar mini shi in kin gaji da shi." Na ce ya ci jarrabawa tukuna, mai kwaɗayi kawai.

Kwana bakwai birkila ya ce kada a taka. A rana ta takwas Hedimasta ya so a yi taro da jawabi, Direba ya roƙe ni kada a yi, ni kuma na je ofis na nuna halina har aka fasa. Da ƙararrawar darasina ta buga, ya zo gindin gangaren kamar yadda kowa ke zuwa. Wani ya kai hannu zai tura shi, Minista ta buge hannun. Ya hau shi kaɗai, a hankali, tayoyinsa na wucewa da rarar biyar hagu biyar dama. A bakin ƙofa ya yi hon da baki, ya shige. Yara suka matsa masa a benci na gaba, suna ta faɗa a kan wanda zai zauna kusa da shi.

Na daka tsawa aka yi shiru, don ni ba na son shashanci a ajina ko da ranar farin ciki ce. Na rubuta aikin ranar a allo, na ɗauki takardu na fara rabawa layi layi, ina faɗa a kan waɗanda ba su feƙe fensir ba. Da na iso taga ta uku na zare ɗaya, na miƙa hannu waje ina ci gaba da faɗana.

Ba wanda ya karɓa. Na leƙa, ba kowa a wurin sai inuwar kwano da kwari biyun nan a ƙasa.

"Malama," in ji wata murya daga bayana, tana danne dariya. "Ga ni nan ciki."

Na tsaya da takarda a hannu, bayana ga aji. Ni da ban yi kuka a gaban ɗalibi ba tun da na fara koyarwa, ranar nan na yi, kuma ban ɓoye ba. Sannan na share fuska da bakin mayafi, na tako har gaban bencinsa, na ajiye masa takardarsa a kan tebur.